Bakinka Ya Riƙe Amana, Bangonka Fa?

Ɗana, tunda Allah ya sa ka samu ɗaki da tebur da kujera, har mutane suna sallama su shigo su zauna gabanka su faɗa maka abin da ke damunsu, akwai maganar da nake so mu yi da kai, kuma ina roƙon ka saurare ni da haƙuri, don ba irin wadda aka saba ji daga bakin dattijo ba ce. Ba zan tsaya ce maka ka riƙe amana ba. Na san tarbiyyar da ka samu, na san ba ka cikin masu kwasar zancen ofis su kai majalisa bayan la'asar. Abin da nake so in tambaye ka shi ne, ɗakin nan da kake zaune a ciki, shi ma yana riƙe sirri kamar yadda kake riƙewa? Ko likita ne kai, ko lauya, ko shugaban makaranta, ko akawun da ke riƙe da takardun albashi, ko mai ba da rance a ƙaramin banki, ko malamin da ma'aurata ke zuwa wurinsa neman sulhu, ke ma 'yata ungozoma da ke mai kula da ɗalibai mata ina haɗawa da ku, duk abu ɗaya ne. Mutum ya zo ya amayar maka da abin da ke cikinsa saboda ya ga an turo ƙofa, ya ɗauka daga shi sai kai sai Allah, alhali waɗanda ke kan benci a waje sun ji komai, har ma sun fi ka riƙe zancen, don kai hankalinka ya rabu tsakanin saurare da rubutu, su kuwa ba abin da suke yi sai jiran layi.

Kontagora babban gari ne a idon baƙo, amma ɗan gari ya san ba wanda zai zauna a kan benci na rabin sa'a bai ga wanda ya san danginsa ba. Nan mutanen Mariga da Rijau da Magama da Mashegu suke zuwa idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin ƙauye, ko shari'a ta yi nisa, ko za a sa yaro makaranta, kuma da yawansu sun zaɓi su yi tafiyar ne musamman don kada a ji matsalarsu a gida. Na taɓa zama jiran layi a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, shago ne guda aka raba biyu da siririn katako aka shafa masa farin fenti. Wata yarinya ta shiga da mahaifiyarta, aka rufe ƙofa har da sa sakata. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya sassauta murya yana yi musu bayanin sakamakon gwajin jini cikin tausasawa, yana cewa kada su tayar da hankalinsu, akwai magani. Mu da ke waje kowa ya sunkuyar da kai, wani yana latsa waya, wata tana gyara goyo, kowa yana nuna bai ji ba, kuma kowa ya ji, har sunan cutar. Da suka fito uwar ta gaishe mu da fara'a, ta ja hannun 'yarta suka wuce, ba ta san ta bar sirrin 'yarta a kan bencin ba. Ma'aikacin bai ci amanar kowa ba, da za a tambaye shi zai rantse bai faɗa wa kowa ba, kuma gaskiya ya rantse. Amma idan watanni suka shuɗe aka ji masu neman auren yarinyar sun janye ba tare da dalili ba, wa za a tambaya?

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a zamanin da muke ciki. Kai ma ka san halin da ƙauyukan yankin nan suka shiga game da 'yan bindiga, kuma ka san ba duba suke yi su gane wanda ya sayar da shanu ko ya kwashe masara da wake ya kai kasuwa ba, mutane ne ke kai musu labari. Manomin da ya zauna gabanka yana lissafa abin da ya samu a kakar bana, da ranar da zai zo karɓar kuɗi, da hanyar da zai bi ya koma, rayuwarsa ya ɗora maka a kan tebur. Ban ce duk wanda ke bakin ƙofarka mugu ne ba, mafi yawansu bayin Allah ne masu jiran a biya musu tasu buƙatar. Sai dai magana zarar bunu ce, mai kirki ya ji ya faɗa wa matarsa da daddare ba da wata manufa ba, ita ta faɗa wa ƙanwarta wajen kitso, kafin ta kai kunne na biyar ta isa inda ba a so.

Magabatanmu ba su karanta ilimin sauti ba, amma gininsu ya san aikinsa. Tun lokacin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa garin nan wajajen 1864, gidan mai faɗa-a-ji da tubali ake gina shi, bango mai kauri wanda gindinsa ya fi samansa faɗi, rufi na azara a daɓe shi da ƙasa. Baƙo ya tsaya a zaure, daga zaure sai fili, sai wani soron, ƙofofin kuma ba sa kallon juna, sai ka karkata kafin ka shiga na gaba. Idan maganar ta girma sai maigida ya ce a ba su wuri, ya ja mutum can ciki, kuma idan sun shiga ɗin sun shiga ke nan. Ko ofisoshin En'e da aka gina bayan Turawa sun ci garin a 1901 sun gaji wannan kauri. Mu ne muka zo muka sauya da bulo mai inci 6, da rufin kwano, da silin roba, da tagar luba, muka shimfiɗa tayil a ƙasa, muka ga haske da tsabta muka ce mun ci gaba. Ba ina cewa a koma ginin ƙasa ba ne, wanda ya taɓa yin yaɓe duk shekara kafin damina ya san wahalarsa. Ina so ne ka gane abu biyu da suka sa wancan gini yake riƙe magana, wato nauyi, da rashin miƙaƙƙiyar hanya. Duk dabarar da injiniyoyi ke yi yau a kan waɗannan biyun take tafiya.

Sauti girgizar iska ne. Idan ka yi magana, iskar ɗakin ta girgiza ta bugi bango, idan bangon mara nauyi ne shi ma sai ya girgiza ya miƙa wa iskar ɗaya ɓangaren, shi ke nan maganarka ta haye. Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaune tana kaiwa wajen desibel 60, raɗa kuma wajen 30. Siririn katakon da ake raba shago da shi abin da yake ragewa bai wuce wajen 20 ba, ka ga ke nan abin da ya isa waje ya fi raɗa ƙarfi, kuma ka san raɗa ma ana jin ta sarai idan wuri ya yi tsit. Bangon bulo mai inci 9 da aka yi wa filasta ciki da waje yana rage sama da 40, abin da ya rage ƙarar fanka kaɗai ta isa ta haɗiye shi. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da desibel 5 zuwa 6. Amma ga inda mutane ke asarar kuɗinsu: idan kashi 1 cikin 100 na faɗin bangon a buɗe yake, ko da sauran dutse ne, ba zai rage fiye da desibel 20 ba. Ka gina bango na alfarma ka bar rata ƙarƙashin ƙofa, ka koma daidai da mai katako. Da Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan maganar ba ta buƙatar fassara.

Saboda haka kafin ka kira kowane ma'aikaci, ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Wata rana bayan an tashi aiki, ka kunna rediyo lokacin labarai, ka daidaita shi gwargwadon muryar mutum, ka ajiye shi a kan kujerar da baƙo ke zama, ka fita ka rufe ƙofa, ka je ka zauna a kan bencin nan da ba ka taɓa zama a kai ba tun da ka kama ofishin. Idan kana iya bin labaran, to haka ake bin naka. Sai ka tashi ka zaga a hankali, ka kai kunne gindin ƙofa, da bayan taga inda masu babur ke fakewa a inuwa, da ofishin maƙwabcinka, ka lura da inda muryar ta fi fitowa. Da daddare ka bar fitila a kunne a ciki ka duba daga waje, duk inda haske ya ɓullo magana ma tana ɓullowa. Lokacin hunturu ma ba sai ka wahala ba, ƙura za ta nuna maka, don duk inda ka ga ta yi layi a ƙasa ko a kan fayil da safe, ta nan iska ke shiga, kuma hanyar iska ita ce hanyar magana.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne sama. Yawancin gine-ginen haya a garin nan, birkila yana tsayar da bangon tsakiya daidai inda silin zai zauna, don a rage bulo, daga nan zuwa kwano fili ne guda tun daga shagon farko har na ƙarshe. Silin roba kuwa ado ne kawai, ba shi da nauyin da zai tare komai. Muryarka ta hau ta ratsa shi, ta bugi kwano, ta sauko a ɗakin maƙwabci kamar an aike ta. Ka sa yaro ya ɗaga falle ɗaya ya leƙa da tocila, za ka ga abin da nake faɗa maka. Maganinsa shi ne a ɗaga bangon ya kai har ƙarƙashin rufi a toshe ratar da siminti, idan kuma ba zai yiwu ba a tsayar da allo mai nauyi ninki biyu a wurin, a toshe gefunansa. Silin na POP ya fi na roba nauyi, kuma idan aka shimfiɗa a bayansa irin abin nan mai kama da auduga da ake yi da gilashi ko dutse, za ka samu riba biyu, don yana rage zafin kwano a watan Maris da Afrilu, yana kuma rage rugugin ruwan sama wanda kan sa a dakatar da magana a watan Agusta. Sai dai mai shimfiɗa shi ya rufe hanci ya sa safar hannu, yana sa ƙaiƙayi.

Sai ƙofa, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Ka ƙwanƙwasa ƙyauren ofishinka da ɗan yatsa. Idan ka ji yana amsawa kamar ba komai a cikinsa, to babu ɗin, fallen katako biyu ne aka manna a kan firam aka bar ciki fayau. Ka nemi ƙyaure na katako gangariya, wanda sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi, a sa masa hinji uku don kada ya sunkuya. Na ƙarfe ma yana yi idan an cika cikinsa, amma holoƙon ƙarfe ƙara yake ƙarawa. Bayan nauyi sai rufuwa. Kafinta mai hankali zai kafa siririn katako a jikin firam ta gefe biyu da sama, ya manna masa roba, yadda idan ƙofar ta rufu za ta danne robar, ka ji ta zauna ba ta kaɗawa. Idan ba a samu robar kanti ba, tsohon tib na babur a yanka shi tsaye yana yin aikin. A ƙasa kuma, inda aka saba barin ratar da yatsu biyu za su shige don kada ƙofa ta goge tayil, a ɗan tayar da dokin ƙofa, a kafa roba a gindin ƙyauren ta riƙa shafar sa. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa takarda tsakanin ƙofa da firam ka rufe, ka ja. Idan ta zaro ba gardama, wurin bai kama ba, ka bi ko'ina da ita, sama da ƙasa da wajen makulli. Kafinta zai ce maka ranka ya daɗe ai wannan ya yi, kai kuma ka nuna masa takardar kawai, ba sai kun yi musu ba. Tsohon ramin makulli da ba a amfani da shi a toshe shi, haka ramin da aka huda don wayar lantarki ko bututun na'urar sanyaya ɗaki, haka soket biyu da aka sa baya da baya a bango ɗaya.

Taga ita ce mai wuyar sha'ani, don a nan sirri da zafi suke karo. Luba ba ta taɓa rufuwa ruf, ko sabuwa ce, kuma ba zan ce maka ka toshe ko'ina ka zauna cikin gumi a bazarar Kontagora ba, wanda ya ba ka wannan shawara bai taɓa wuni a garin ba. Abin da za ka iya shi ne ka duba wace taga ce ke kallon inda mutane ke tsayawa, ita ce za ka sauya da gilashi mai kauri da ke rufuwa a kan roba, ka bar wadda ke kallon bayan gida ko katanga don shan iska, ka kuma hana a mayar da gindinta wurin hutawa. Wani lokaci shuka 'yan furanni ko ɗan shinge a gindin taga ya fi sabon gilashi amfani, don yana matsar da mai tsayuwa baya, kuma a fili duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara tana faɗuwa da kusan desibel 6.

Idan shingen katako ne ya raba ka da maƙwabci kuma mai gida bai yarda a yi gini ba, kada ka fid da rai. A ƙara masa allo mai nauyi ta kowane gefe, a bar rata a tsakani a cusa audugar nan da na ambata, kada mahaɗar allunan ciki ta faɗo daidai da ta na waje, a kuma toshe gindi da sama. Kabad ɗin da ke cike da fayil idan aka jingina shi da bangon yana taimakawa kaɗan, amma kada ka dogara da shi.

Yanzu bari in ja kunnenka game da abin da za a zo a tallata maka. Wani zai ce a lulluɓe bangon da soso ko kiret ɗin ƙwai kamar yadda masu ɗaukar waƙa ke yi a ɗakunansu. Wannan aiki daban yake yi. Abu mai laushi yana shanye amsa-kuwwar cikin ɗaki, ba ya hana magana fita, don ba shi da nauyi. Wanda ya fara auna wannan wani malamin jami'ar Harvard ne a Amurka, Wallace Sabine, da aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca a 1895 saboda ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami ke faɗa, kalma tana hawa kan kalma. Cikin dare, idan gari ya yi shiru, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zauren su jera, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, har ya fitar da lissafin da ake amfani da shi zuwa yau. Abin da ya gyara jin magana ne a cikin zauren. Don haka darduma a kan tayil, da labule mai kauri, da kujerun kushin, duk suna da kyau, suna sa ɗaki ya daina amo, mutum ya ji ana jin sa ba sai ya ɗaga murya ba, kuma wannan ma riba ce. Amma ba su maye gurbin bango da ƙofa. Soso kuwa yana da haɗarin da ya kamata ka sani: a watan Janairun 2013, a garin Santa Maria na ƙasar Brazil, soson da aka manna a rufin wani gidan rawa don rage ƙara ya kama wuta, hayaƙinsa mai guba ya cika wurin, mutum 242 suka rasu. A ɗakin da ke cike da takardu, da wayoyin lantarkin da kowa ya san yadda ake jona su a wurinmu, ban ga dalilin da zai sa ka manna makamashi a bango ba.

Hayaniyar waje ma tana da hannu a tonon asirin ciki, ko da yake ba kowa ke lura ba. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato ta garin nan ta ratsa, tirela da tanka ba dare ba rana, ga babura, ga mai walda, ga injin niƙa, ga mai tallan magani da lasifika. Wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya nuna tun 1911 cewa mutum yana ɗaga murya ba tare da ya sani ba idan ƙara ta kewaye shi. Ka lura da kanka, tirela na wucewa kai da baƙonka kun koma kamar masu kiran juna daga gona zuwa gona, ta wuce kuma muryar ba ta sauka nan take, sai jimlar da ta fi kowace nauyi ta faɗo cikin shiru. Idan kana da zaɓi, ɗakin ganawa ya kasance can baya nesa da titi, ɗakin jira da na ajiya su tare maka gaba.

Janareta kuma sai dai haƙuri. Jihar da ke da madatsar Kainji tun 1968, ga Shiroro, ga Zungeru, amma har yau kowane ofis da nasa injin a bakin ƙofa, wannan zance ne na wata rana. Abin da ke hannunka shi ne inda za ka ajiye shi. Ka nisanta shi da taga, ka ɗora shi a kan tsohuwar taya ko roba mai kauri don kada girgizarsa ta bi daɓe ta shiga bango, ka gina masa ɗan ɗaki na bulo mai mashigar iska, bakin salansa ya kalli inda ba mutane, kuma ba tagar maƙwabci ba, don shi ma yana da haƙƙi a kanka. Kada ka taɓa shigo da shi baranda ko cikin gini don gudun ɓarawo, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci. Ka kuma tuna da yaron da ke wuni kusa da shi. Ƙarar da ta kai desibel 85, idan mutum yana wuni cikinta awa 8 kullum, tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Alamarta ita ce sai ka yi ihu kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka. Hukumar NESREA tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009, amma mutumin kirki ba ya jiran hukuma kafin ya tausaya wa kunnen yaronsa.

Sai dai ba kowace ƙara ce abokiyar gaba ba. Wurin jira da ya yi tsit shi ya fi tona asiri, don kunne ba ya da abin yi sai bin muryar da ke fitowa daga ciki. Fankar tsaye kusa da benci, ko rediyo a kunne ƙasa-ƙasa, suna rufe ɗan abin da ya tsallake ƙofa. Shi kansa bencin ka ɗauke shi daga jikin bangonka ka mayar da shi ɗaya gefen, kuma kujerar baƙo kada ta sa bakinsa ya fuskanci ƙofa.

Na san abin da wani zai ce, ai laifin mai kasa kunne ne, addini ma ya hana. Gaskiya ne, Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane, kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 37 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa, a 2023 kuma an sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Amma waɗanda ke kan bencin nan ba laɓewa suka yi ba, kai ka ajiye su a wurin, kuma Allah bai yi wa kunne murfi ba. Ka ɗora musu nauyin sirrin da ba su nema ba, wanda ya kasa riƙewa ya ɗauki zunubi, kai kuma da ka iya toshe ratar da kuɗin da bai kai na cefanen mako ba, kana ganin ba ka da kaso a ciki? Akwai kuma asarar da ba za ka taɓa gani ba. Mutane suna gane ɗakin da ba ya riƙe magana, tunda su ma sun zauna a bencin sun ji ta wanda ya riga su shiga. Sai mara lafiya ya faɗa maka rabin ciwonsa, matar da ake duka a gida ta ce ba komai faɗuwa ta yi, ɗalibar da wani malami ya matsa mata ta ce ta zo gaishe ka ne kawai. Kai kuma ka yanke hukunci a kan rabin labari, kana mamakin me ya sa maganinka bai ci ba, sulhunka bai ɗore ba.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye maka ba, ɗakin da ba a jin abin da ake yi a cikinsa yana iya zama fitina ga mai shi. Inda ba kunne, Shaiɗan yana samun wurin zama, ko ta hanyar ambulan da ake turowa ƙarƙashin fayil, ko ta hanyar keɓewa da matar da ba muharramarka ba, kuma ko kai tsarkakakke ne bakin mutane ba zai bar ka ba. Shi ya sa nake ba ka shawara a yanka 'yar taga a jikin ƙyauren a sa gilashi mai kauri, a manne gefunansa da kyau, a gan ku amma kada a ji ku. Inda aikin na duba jiki ne sai labule, tare da ma'aikaciya mace a ciki. Wannan kariya ce gare ka da kuma wadda ta shigo. Haka nan ka kula da kunnuwan da kai da kanka kake shigowa da su: masinjan da ke tsaye yana jiran sa hannu, abokin da ya zo hira ka ce wa baƙo ai ɗan gida ne faɗi kawai, da tafintan da aka kira daga cikin masu jira don dattijon Bakambare ko Badukke bai iya Hausa sosai ba, alhali watakila ƙauyensu ɗaya. Ka tanadi tafinta amintacce tun kafin buƙata ta taso. Waya kuma, ka daina sa ta a lasifika, ka daina fita baranda kana amsa kiran da ya shafi wani kana kiran sunansa, don ka bar ɗakin da ka kashe wa kuɗi ka fito inda ba bango ko ɗaya.

Game da kuɗi, kada ka ce sai ka tara na yin komai a lokaci guda, don ranar ba za ta zo ba. Matsar da benci da sa fanka yau ma za ka iya. Roba da toshe ramuka aikin wuni guda ne. Ƙyaure ya biyo baya idan albashi ya shigo, ɗaga bango zuwa rufi kuma ka zauna da mai gidan ku yi magana ta fahimta, ka nuna masa gyaran gininsa ne, ko ya yarda a cire daga kuɗin haya. Idan ofishin gwamnati ne ka rubuta a takarda ka miƙa, kana jira kana yin ƙananan da aljihunka. Ka sani katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, roba kuma zafi yana busar da ita, saboda haka ƙofar da ta kama a watan Agusta tana iya yin sako-sako a watan Janairu, sai ka riƙa bin ta da takardar nan lokaci-lokaci. Ranar da ma'aikaci ya ce ya gama, kada ka biya shi cikon kuɗinsa tukuna. Ka kunna rediyon, ku fita tare ku zauna inda masu jira ke zama, idan kun ji amo kawai ba ku gane kalma ba, ka sallame shi da godiya, idan kuwa kun iya faɗin garin da mai labarai ya ambata, ya ɗauko gudumarsa ku koma ciki.